Madafar Yahudawa a jajibirin idin Pesach

Lokacin da zafin bazara ke gasa garin Ɗan Issa, tsakanin Maris da Afrilu, gidajen Yahudawa daga Ƙudus zuwa Faris suna can suna juye madafa kaf. Idin Pesach, da ke kamawa 15 ga watansu na Nisan, tunawa ne da fitar Annabi Musa (AS) da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna, tsirar da Musulmi ke azumin Ashura dominta. A ruwayarsu an fita da gaggawa, ƙullu bai samu tashi ba. Shi ya sa kwana 7 a Isra'ila, 8 a waje, ba a cin alkama, sha'ir da danginsu uku muddin garin ya jiƙa ya wuce minti 18 ba a gasa ba. Ko ajiye shi a gida haramun ne.

Wani zai ce juye madafar waswasi ne kawai. Amma hukuncin ya ginu a kan abin da kowace mai girki ta sani: mazubi yana shan abin da aka dafa a ciki. Tukunyar ƙarfe a tsoma ta a tafasasshen ruwa, ƙarfen gashi a ƙona shi har ya yi jajir, ta ƙasa kuwa ba ta da magani, sai a kulle ta har idi ya wuce. Wadda ta taɓa toya waina a tanda ba za ta yi musu ba. Daren jajibiri maigida ya kunna kyandir, yara na biye, a bi saƙo-saƙo ana neman ɓarɓashin burodi, da safe a ƙone. Yaron da ya tsinto ɓarɓashi a ƙarƙashin gado ya riga ya fara tambayar dalili, kuma abin da ake so ke nan.

Sukar da ta fi ƙarfi tana kan ciniki. Kayan da suka fi ƙarfin ƙonawa akan sayar wa wanda ba Bayahude ba, a sake saye bayan idi. Na gwamnatin Isra'ila ma wani Balarabe Musulmi na garin Abu Gosh ya yi shekara da shekaru yana saye. Abin na ƙamshin hila, kuma wasu masu tsanani ba sa sayar da burodi, ƙonewa suke yi. Sai dai cinikin na gaske ne, mai saye na da ikon ɗauka, kuma ba don shi ba da mai gidan burodi ya karye duk shekara.

Yahudawan Turai sun ƙara da barin shinkafa, gero, masara da wake, wato a Ɗan Issa da rumbu ɗungurungum za a rufe. Wannan al'ada ce kawai, yawancin na ƙasashen Larabawa suna cin abinsu.