Mai Taɓin Hankali a Gaban Alƙali

Sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewacin Najeriya ya tanadi ɗaurin da ke iya kaiwa shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Mutumin da ciwon damuwa ya ci ƙarfinsa likita yake buƙata, ba kurkuku ba. Tsoron doka da gudun abin kunya kan sa iyalai su ɓoye marar lafiya, su kai shi wajen mai magani, inda wani lokacin har mari ake sa masa.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma ba ta soke wannan sashe ba. Gana kuwa ta soke nata a shekarar 2023.