Saƙon mutum ɗaya a kunnen dubbai

Ranar 14 ga Nuwamba, 2016, wani saƙon gwaji na imel ya kuɓuce a hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, ya faɗa akwatin ma'aikata kusan 840,000. Nan take aka shiga mayar da martani, wannan ya ce a cire sunansa, wancan ya ce a daina damunsa. Da yawansu kuwa maɓallin amsa wa kowa suka danna, sai kowace amsa ta sake zagaye jama'ar gaba ɗaya. Miliyoyin saƙonni suka cunkushe hanya, wasiƙun aiki suka riƙa maƙalewa.

Wannan asarar lokaci ce kawai. Wadda ta fi ciwo ita ce ta tonon asiri. A watan Satumban 2015, asibitin 56 Dean Street da ke Landan, mai kula da masu cutar ƙanjamau, ya aika wasiƙa ga mutum 781. Maimakon a sa adiresoshinsu a gurbin ɓoyayyen kwafi, sai aka jera su a fili, kowa yana ganin sunan kowa. Hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta ci hukumar da ke gudanar da asibitin tarar fam 180,000, amma sunan da aka riga aka gani ba ya gogewa daga zuciya.

Na'ura ba ta san nufin mai rubutu ba, abin da ke gurbin mai karɓa kaɗai take bi. Akwai adiresoshin rukuni da ake saita su yadda ko amsar da aka yi nufin mutum ɗaya da ita za ta tafi ga kowa. Mai rubutu yana ganin sunan abokinsa a sama, ya saki jiki ya faɗi damuwarsa, alhali taro ne ke sauraro.

Haka abin yake a zaurukan WhatsApp na dangi da na wurin aiki, inda maganar bashi ko ta aure kan faɗa gaban surukai.

Kamfanoni sun tanadi 'yan dabaru. WhatsApp yana da zaɓin amsa a keɓe daga cikin zaure, yana kuma barin a goge saƙo ga kowa cikin kusan kwana biyu, ko da yake wani na iya riga ya karanta ko ya ɗauki hotonsa. Gmail kuwa yana ba da damar janye wasiƙa bayan an tura, amma wa'adin bai wuce daƙiƙa 30 ba, kuma sai mutum ya shiga saiti ya ƙara shi daga daƙiƙa 5.