Almajiran da aka dawo mana da su a 2020: ina suke yanzu?

A bazarar 2020, ana tsakiyar kullen korona, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar kowace jiha ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Duk wanda yake Facebook a lokacin zai tuna hotunan: yara cike da motocin safa, kowa da takunkumi a fuska, ƙullin kayansa a cinya. Mun yi ta cacar baki a ƙasan hotunan nan, wasu na zagin gwamnoni, wasu na zagin iyaye. Sati biyu aka yi muka koma wata maganar.

Biyu daga cikin yaran 'yan unguwarmu ne a Kurmin Kogi, ƙaramar hukumar Ikara. Ɗan wa da ɗan ƙani ne, daga Kano aka dawo da su, babban yana da shekara 13, ƙaramin 11. Ba zan faɗi sunansu ba. Da aka buɗe makarantu aka sa su firamare rana ɗaya, aji ɗaya.

Babban bai cika wata guda ba. Ka yi tunanin yaron da ya yi shekara biyar yana ciyar da kansa a birni, a zaunar da shi cikin 'yan shekara shida ana rera a, ba, ca. Yaran ajin suka laƙaba masa "baban aji". Ga shi da safe ba karin kumallo, alhali a Kano ya san gidan da zai samu ɗumame. Da rani ya kama aka fara ɗibar tumatir a fadamu, sai ya ajiye littafi ya bi 'yan ƙwadago. Daga nan sai sarar rake a wajen Makarfi da Kudan, daga nan sai Zariya. Yanzu dako yake yi a Kwangila. Abin da ya fi damuna shi ne, da can ko ba komai yana da malami da allo. Yanzu ba malami, ba allo, ba boko.

Ƙaramin ba wai ya fi shi ƙwaƙwalwa ba ne, wallahi. Mutum biyu ya samu. Akwai gwaggonsa mai koko da ƙosai, wadda ta ce kullum sai ya biyo ta wurinta ya karya kafin ya wuce makaranta, in kuwa bai je makaranta ba, to babu koko. Sai wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda yake zaunar da shi a zaurensa bayan la'asar.

Dattijon nan ya lura da abin da mu 'yan boko muke yawan mantawa: almajiri ba jahili ba ne. Yaron ya san baƙi da wasali, ya saba da hadda, ya saba zama a kan karatu tun asuba. Sai ya riƙa rubuta masa kalmar Hausa da ajami a dama, da boko a hagu. Lissafi kuwa da kuɗi ya fara masa, tunda wanda ya yi bara ba a cutarsa a canji. Kafin shekara ta zagayo ya kai shi wurin hedimasta aka gwada shi, aka tsallakar da shi aji huɗu. Yau yana ƙaramar sakandare, yana karatun allonsa da asuba, kuma shi yake rubuta wa babansa lissafin kwandunan tumatir da aka ɗora a mota.

Abin da dattijon ya yi a zaure, an taɓa gwada irinsa a hukumance. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, ya fara shi a ƙananan hukumomin Fagge da Kumbotso da Albasu a Kano, daga baya ya shigo Kaduna da Jigawa. Ba a raba yaro da malaminsa ba. Alarammomi aka fara zama da su aka daidaita lokaci, aka horar da matasan unguwa su koyar da karatu da lissafi na 'yan sa'o'i, sauran lokacin na allo ne. Tsari ne mai araha, kuma malamai sun yarda da shi saboda da su aka yi.

Gwada wannan da makarantun almajirai na zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. A Afrilun 2012 ya buɗe ta farko a Gagi, Sakkwato, aka gina sama da 150 a faɗin ƙasa. Gine-gine masu kyau, amma da yawansu daga baya jaridu suka riƙa nuno su a yashe, don ba a tanadi wanda zai ci gaba da ciyarwa da biyan malamai ba. Ni a ganina gini ne abu na ƙarshe da yaron titi yake buƙata. Mu a Kaduna ai mun ga ƙarfin abinci: da gwamnatin El-Rufai ta fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016, azuzuwa suka cika maƙil. Aka kuma yi ta ƙorafin wasu suna tafiya da zarar sun ci, wato abinci yana kawo yaro, amma sai da malamin da ya damu da shi yake zama.

Doka dai ba ita muka rasa ba. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. A 2023 ma an kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Sai dai ba hukumar da za ta san cewa wani yaro a Kurmin Kogi kunyar zama da ƙannensa ce ta kore shi daga aji. Wannan sai ɗan unguwa. Mu ɗaliban da muke dawowa hutu Ikara da Hunkuyi da Makarfi muna kashe data a TikTok, awa ɗaya bayan la'asar ba za ta gagare mu ba. Tabarma da alli ne, sai izinin alaramma da na iyaye.

Watan jiya na haɗu da babban a Kwangila, ya sauke buhu yana share gumi. Bayan mun gaisa ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce: "Yaya, Malam zai karɓi kamar ni kuwa?" Da na je gida na tambayi dattijon. Ya ce ya zo, amma da daddare, bayan yara sun watse, don kada a sake kiransa baban aji. Na aika masa da saƙon ta hannun wani direban Ikara. Ya ce sai ya tara kuɗin mota da na littafi tukuna.