Ran Bishiyar Bonsai Yana Cikin Saiwarta

A unguwannin Nima da Maamobi na Accra fili ya yi ƙaranci. Gidajen haya sun cika, lunguna sun matse, tsakar gida ma an malale ta da siminti. Saboda haka mai son ganin kore a ƙofar ɗakinsa sai ya koma ga tukunya, kuma a wajen masu sayar da furanni a bakin titunan Accra akan tarar da 'yan bishiyoyin nan na bonsai, waɗanda ake raino a kasko suna tsufa ba tare da sun yi tsawo ba. Sana'ar ta samo asali daga ƙasar Sin, Japanawa suka ɗauka suka ƙware a kanta, har suka kafa ƙauyen masu rainon bonsai a Omiya, kusa da Tokiyo, a 1925.

Da yawa sukan sayi bishiyar tana sheƙi, bayan 'yan makonni ganye ya yi ruwan ɗorawa ya zube. Sai a ƙara mata ruwa, alhali ruwan ne ke kashe ta. Ƙananan saiwoyi masu kama da gashi su ne ke shan ruwa da abinci, kuma suna buƙatar iska. Idan ƙasa ta jiƙe ta daɗe ba ta tsane ba, sai su shaƙe su ruɓe, ganye ya yi yaushi kamar na bishiyar da ke jin ƙishi.

Abu na farko shi ne haƙuri. Kada a sauya wa bishiya tukunya ranar da aka kawo ta gida. A bar ta makonni uku zuwa huɗu ta saba da haske da iskar wurin. Ana gaggawa ne kawai idan tukunyar ba ta da huda a gindi, ko ƙasar tana wari. Sauran alamomin da ke nuna lokacin dashe ya yi su ne ruwa ya tsaya a sama ya ƙi shiga, ko saiwa ta leƙo ta ƙasa, ko kuma a zare bishiyar a ga saiwoyi sun nannaɗe sun cinye ƙasar. A Accra, farkon babbar damina, wajen Maris zuwa Afrilu, ya fi dacewa, domin zafi da danshi na sa sabuwar saiwa fitowa da wuri. A guji watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska ke zuƙe ruwan ganye.

Batun ƙasa shi ne inda aka fi tafka kuskure. Baƙar ƙasar da ake sayarwa a buhu tana da kyau ga lambu, amma a ƙaramin kasko takan cushe ta zama taɓo. Japanawa na amfani da wani yumɓu mai tsaba-tsaba da ake kira akadama. Ba sai an yi odarsa ba. A haɗa ƙananan tsakuwa ko yashi mai gwari, da gawayi da aka farfasa, da ɗan ɓawon kwakwa da aka yayyanka aka jiƙa aka wanke. A tankaɗe komai da rariya a zubar da garin, saboda shi ne ke toshe hanyar ruwa.

Ranar dashe, a yi aikin a inuwa. A zare bishiyar a hankali, a sa tsinke a warware saiwoyin daga waje zuwa ciki. Da almakashi mai kaifi da tsabta a yanke duk wadda ta yi baƙi ko ta yi laushi, a rage dogayen da suka zagaye, amma kada abin da aka cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku. A rufe hudar tukunya da guntun gidan sauro, a ɗaure bishiyar da waya don kada iska ta girgiza ta, sannan a cusa ƙasa tsakanin saiwoyi da tsinke. A ba ta ruwa har ya fita ta ƙasa. Ta yi makonni biyu a inuwa, taki kuma sai bayan wata guda.

Bishiyar ƙariya kuwa ba a ba ta ruwa nan take bayan dashe. Ita tana ajiye ruwa a gindinta, don haka sai a bar yankan ya bushe na 'yan kwanaki kafin a ba ta ruwa. Ƙaronta guba ne, da shi ake dafin kibiya a da, saboda haka a wanke hannu, a kuma nisanta ta daga yara da awaki.

Zaɓen iri ma yana da muhimmanci. Bishiyoyin ƙasashen sanyi suna buƙatar lokacin sanyi don su huta, abin da Accra ba ta da shi. Tsamiya, kuka, ceɗiya da ƙariya kuwa namu ne, sun san zafinmu, kuma duk ana yin bonsai da su. Kafin ka biya kuɗi, ka ɗaga tukunyar ka duba gindinta, ka tambayi mai sayarwa sunan bishiyar da lokacin da aka yi mata dashe na ƙarshe.