Bindigar Toka Ba Ta San Mai Ita Ba

Ya kai ɗan'uwa ɗalibi, a ƙauyukan Ɗambatta akwai gidajen da za ka shiga ka tarar da bindigar toka jingine a kusurwar ɗaki, ta farauta ko ta gadin gona. Kada ka taɓa ta. Ita irin wannan bindiga ta baki ake ɗura mata albarushi, don haka ido ba ya gane mai ɗuri da marar ɗuri. Shi kansa mai ita yakan manta.

Babban haɗarin kuwa shi ne wanda ake cewa "ta ƙi tashi". Idan albarushi ya sha sanyi, musamman da damina, sai a ja kunama a ji shiru, alhali wuta tana ci a hankali a ciki. Mai gaggawa ya juyo bakinta zai leƙa, nan take ta tashi. Maharbin kirki yakan bar bakinta yana duban ƙasa, ya dakata tukuna. Ka tuna nan gonaki da gidaje a haɗe suke, bayan kowace dawa akwai mutum.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana nuna wa ɗan'uwa makami. Wanda ya kashe mumini bisa kuskure kuma, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara. In babu bawan 'yantawa, azumin wata 2 ne a jere. Hukuma ma, bisa dokar makamai ta 1959, tana da ikon hana riƙe ko da ta toka ce ba tare da lasisi ba.