Rariya, Wata da Miji: Wane Azumi Ne Wannan da Muke Gani a Finafinan Indiya?

Duk wanda ya taso a Ikara, Makarfi ko Kudan yana leƙa gidan kallo, ko yake tura fassarar Algaita a wayarsa, ya san fitowar nan. Mace ta ci ado da jan sari, hannu ya sha lalle, ta hau saman bene da tire a hannu. Ta ɗaga rariya ta kalli wata, ta juyo da ita ta kalli fuskar mijinta, shi kuma ya ba ta ruwa a baki. Daga nan sai waƙa ta tashi. Da yawanmu mun kalli wannan sau ba adadi, amma in aka tambaye mu me ake yi, iyaka mu ce "ai soyayya ce irin ta Indiyawa". To 'yan uwa ɗalibai, abin ya wuce nan. Ibada ce a addinin Hindu, tana da suna, tana da rana, tana da ƙa'idoji, kuma su kansu masu ita suna ta muhawara a kanta.

Sunansa da lokacinsa

Sunan azumin Karwa Chauth, kalmar ta biyu ana furta ta kamar "cot". Kada kunne ya ruɗe ku, karwa ba ta da wata alaƙa da waccan kalmar tamu da kuke shirin yi wa dariya. A harshen Hindi, karwa ɗan ƙaramin tulu ne na yumɓu mai hanci, kusan abin da kakanninmu ke kira shantali. Chauth kuma na huɗu ke nan. Ana yin azumin a rana ta huɗu bayan cikar wata, cikin watan da suke kira Kartik, kimanin kwana 11 kafin babban bikinsu na fitilu, wato Diwali. A lissafinmu na Hijira yakan faɗo 17 ko 18 ga wata.

A 2023 an yi shi ranar 1 ga Nuwamba, a 2024 ranar 20 ga Oktoba, a 2025 kuma 10 ga Oktoba. Kun ga bai fita daga Oktoba da farkon Nuwamba ba, alhali Ramadan namu kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, yana zagaya damina, hunturu da bazara. Dalili shi ne kalandar Hindu tana ƙirga wata da wata, amma tana daidaita shekara da rana. Kusan duk shekara uku sukan ƙara wata guda don cike giɓin. Shi ya sa azumin kullum yake zuwa daidai lokacin da muke kaka, ana ɓarar masara a Ikara, rake ya fara cika kasuwar Makarfi.

Ba duk Indiya ake yin sa ba. Al'ada ce ta arewa da arewa maso yamma: Punjab, Haryana, Rajasthan, Uttar Pradesh, Himachal Pradesh da birnin Delhi. Kuma ba kowane Ba'indiye ne Hindu ba. Ƙidayar 2011 ta nuna mabiya Hindu sun kusa kashi 80 cikin ɗari, Musulmi kuma sun ɗan haura kashi 14, wato mutum sama da miliyan 170. Shi kansa Shah Rukh Khan, Sharukan namu, da ya fi kowa fitowa a irin wannan fage, Musulmi ne, aikin fim yake yi.

Yadda ranar take tafiya

Matar aure takan tashi kafin fitowar rana ta ci abin da ake kira sargi. In ka ce sahur ba ka yi nisa ba, sai dai a nan uwar miji ce ke haɗa shi ta aiko wa surukarta: 'ya'yan itatuwa, kayan zaƙi, siririyar taliya da madara, wani lokaci har da sutura da kayan ado. Da rana ta fito, shi ke nan, ba ci ba sha. Yawancinsu ko ɗigon ruwa ba sa kai wa baki.

Da yamma mata sukan taru a gida ɗaya ko wurin ibada, cikin shiga irin ta amare, su zauna da'ira. Kowace da tirenta, an ɗora fitilar yumɓu irin aci-balbal, da shantalin ruwa, da furanni. Wata dattijuwa ko malamin addininsu ya ba da labarin asalin azumin, suna miƙa wa juna tiren yana zagayawa. Addu'ar ranar ana yi ne ga abin bautarsu Parvati da mijinta Shiva da ɗansu Ganesha, ana roƙa wa miji tsawon rai da lafiya.

Buɗa-bakinsu kuwa ba faɗuwar rana ba ne, fitowar wata ne, kuma a nan wahalar take. Ranar da wata ya cika yana fitowa ne daidai magariba. Daga nan kowace rana yana ƙara jinkiri, a matsakaici minti 50. Duk wanda ya yi wasan farin wata a ƙauye ya san bayan sha biyar ga wata sai an yi ta jiransa. A Delhi, daren Karwa Chauth, wata yakan fito wajen ƙarfe takwas, kuma in hadari ko hayaƙin gari ya rufe sama, jira ya ƙaru. Idan ya fito, matar ta dube shi ta cikin rariya, ta zuba masa ruwa daga shantali a matsayin hadaya, ta dubi mijinta ta rariyar, sannan ya shayar da ita ya ba ta lomar farko.

Labarin da ke bayan rariya

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na wata amarya, Virawati, ƙanwar maza bakwai. Azuminta na farko ta yi shi ne a gidan iyayenta. Da yamma ta galabaita, yayyenta suka kasa jure ganinta a haka, sai suka haɗa dabara: suka sa haske a bayan wata bishiya ya yi kama da wata, wasu masu ba da labarin su ce madubi ne, wasu su ce fitila ce aka rufe da rariya. Ta gani, ta yarda, ta ci abinci. Ba ta gama ba sai ga labarin mijinta ya faɗi. A cewar labarin, sai da ta sake azumin bisa ƙa'ida, da haƙuri da naci, aka mayar mata da shi. Akwai kuma na wata mata mai suna Karwa, wadda kada ya kama mijinta a rafi, ta ɗaure kadan da zaren auduga ta matsa wa Yama, mai ɗaukar rai a aƙidarsu, har ya ƙyale mijin.

Masu nazarin al'ada suna kawo wasu dalilai na rayuwa. Wasu sun danganta shi da lokacin da maza ke fita yaƙi ko fatauci bayan ɗaukewar ruwa, mata su bi su da addu'a. Wasu sun ce lokacin shukar alkama ne a yankin, ana roƙon albarkar noman rani, abin da manomin fadamar Hunƙuyi zai fahimta ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Wasu kuma sun ce da can ana kai yarinya aure gari mai nisa tana ƙarama, sai ta ƙulla ƙawance da wata matar garin su zama kamar 'yan uwa, ranar su yi musayar tulu da kyauta. Wannan na ƙarshen ya yi kama da ƙawar rana da uwar ɗaki a wajenmu.

Yadda fim ya ɗauke shi ya kai duniya

Finafinan Indiya sun shigo Arewa tun shekarun 1950, ta hannun Kwarori masu gidajen silima, suka mamaye wurare irin su Palace, Plaza da Marhaba a Kano. Masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa kan yadda suka shiga zuciyar Bahaushe har suka yi tasiri a finafinan Hausa. Amma fitowar rariyar nan ta yi ƙarfi ne daga 1995, da fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na Aditya Chopra. A ciki Kajol ta yi azumin saboda saurayinta, ba ma miji ba, kuma shi ma Sharukan ya ƙi cin komai don taya ta. Sai Hum Dil De Chuke Sanam a 1999, da Kabhi Khushi Kabhie Gham na Karan Johar a 2001. A Baghban na 2003, Amitabh Bachchan da Hema Malini, tsofaffin da 'ya'yansu suka raba wa mazauni, ta wayar tarho suka yi buɗa-bakin.

Waɗannan finafinai sun canza abin har a Indiya. Ya yaɗu zuwa garuruwan da da ba su damu da shi ba. 'Yan mata da aka yi wa baiko suka shiga. 'Yan kasuwa suka samu rana: masu lalle, masu gwal, masu sari da shagunan kwalliya, kamar dai yadda teloli ke cika da aiki a jajibirin sallah.

Azumin a rayuwar yau

Matar da kakarta ta yi azumin a tsakar gida, yau likita ce, ko ma'aikaciyar banki, ko malamar makaranta, kuma a yawancin wurare ranar aiki ce. Don haka abubuwa sun sassauta. Wasu suna shan ruwa ko shayi bayan addu'ar yamma. Lokacin fitowar wata a waya ake dubawa. Wadda mijinta ke Dubai, Landan ko Legas takan ɗaga rariya ta kalli fuskarsa a kiran bidiyo. Maza da yawa, musamman matasan birni, sun fara yin azumin tare da matansu.

Muhawara kuma tana nan da zafinta. Masu suka suna tambaya: me ya sa mace kaɗai za ta wuni da ƙishirwa don ran namiji, shi ba wata rana da aka ɗora masa don nata? Suna kuma nuna halin da ake jefa matan da mazansu suka mutu, waɗanda ba a sa su a taron, wani lokaci har a riƙa yi musu kallon masu rashin sa'a. Masu kare shi suna cewa su suka zaɓa, rana ce ta zumunci da ado da kusantar miji da uwar miji. Maganar ta kai har kotu. A ƙarshen 2023, a wata shari'ar rabuwar aure, Babbar Kotun Delhi ta bayyana cewa yin azumin ko barinsa zaɓin mutum ne, ƙin yin sa kaɗai ba zai zama cutar da miji ba.

Akwai kuma batun lafiya, wanda 'yan uwanmu masu karatun lafiya a Makarfi suka fi mu sani. Awa 13 ko 14 ba ruwa ba wasa ba ne ga mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon suga ko gyambon ciki. Likitocin Indiya sukan ja kunnen irin waɗannan su nemi shawara tukuna, daidai da yadda namu ke yi gabanin Ramadan.

Mu ina ruwanmu?

Ruwanmu har tsundum. Na farko, yanzu a wasu bukukuwan aure ana ware ranar shigar Indiya, kuma ba abin mamaki ba ne a ga amarya ko ƙawa ta ɗauki rariya da fitila don hoton TikTok. Sari da lalle ado ne. Duban wata ta rariya da zuba masa ruwa kuwa ibada ce ga abin bautar wasu. A Musulunci azumi na Allah ne shi kaɗai, kuma aya ta 37 a Suratu Fussilat ta hana sujada ga rana ko wata. Kirista ma azuminsa ga Ubangiji yake yi. Wadda take son yi wa mijinta ko wanda za ta aura fatan alheri, ƙofar addu'a da sadaka a buɗe take a addininta. Wani abin lura ma, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna mace ba ta azumin nafila mijinta yana gari sai da izininsa. Ashe ko ta nan hanyoyin biyu sun rabu.

Na biyu, sanin abu ba ya ba da lasisin yi masa ba'a. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Cikinmu akwai waɗanda za su yi aikin koyon sana'a a kamfanonin Indiyawa a Kano, Kaduna ko Legas, akwai masu neman gurbin ƙaro karatu a Indiya, akwai masu raka mara lafiya asibitocin Delhi. Idan ka ga abokiyar aiki da lalle har gwiwar hannu a watan Oktoba, ta ƙi karɓar shayi, ka san dalili. Kar ka matsa mata, kamar yadda ba ka so a riƙa miƙo maka ruwa a Ramadan.

Na uku, a rage auna soyayya da mudun fim. Fim yana nuna minti biyar na wata da waƙa, ba ya nuna ciwon kan la'asar, ko amaryar da ke yi don tsoron bakin uwar miji. Duk saurayin da ya ce sai kin wahalar da kanki zai yarda kina son sa, tambaye shi me shi ya ɗauka a nasa ɓangaren. A nan ma matasan Indiyan da suka ce "in za ki yi, mu yi tare" sun fi shi gaskiya.

A ci gaba da kallo, ba wanda ya hana. Amma a riƙa tambayar ma'anar abin da ake gani kafin a kwaikwaya, domin Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi, mu kuma ilimin muka zo nema.