Jan layin da ke ƙasan idon farin kare: kafin ka bi shawarar TikTok

In kana bibiyar shafukan 'yan farauta ko masu sayar da kwikwiyo a Facebook da TikTok, ka san farin kare ya fi kowanne jan hankali a hoto. Amma ka duba fuskarsa da kyau. Sau da yawa za ka ga wani layi ja-ja kamar tsatsa ya gangaro daga kusurwar ido zuwa hanci. Wasu sai su ce jini ne, wasu su ce ƙazanta ce, wasu kuma su rufe shi da filta. Daga ƙauyukan Bichi da Tsanyawa zuwa Kunchi, Makoɗa da Dambatta, inda ake ajiye kare don farauta da gadin gona da dabbobi, abin nan ba baƙo ba ne. Kuma idon kare ai shi ne jarinsa.

Mene ne wannan jan?

Ba jini ba ne. A cikin hawayen kare da yawunsa akwai wani sinadari da ake kira fofirin, wanda jiki ke samarwa yayin da tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini suka rushe. In hawaye ya daɗe yana jiƙa gashi, sai sinadarin ya rina shi, rana kuma ta ƙara masa duhu. Shi ya sa karen da ke yawan lasar ƙafarsa za ka ga ita ma ta yi ja. Baƙin kare ma yana da wannan rinin, launinsa ne kawai ke ɓoyewa.

To me ya sa hawayen ke zubowa waje? A kusurwar ido akwai wata siririyar hanya da ke kai hawaye cikin hanci. Mu ma muna da ita, ita ce ke sa majina in mutum ya yi kuka. Hawaye na malalowa fuska ne in ya yi wa hanyar yawa, ko kuma in ta toshe.

A wajenmu abubuwan da ke tsokanar ido ba su da iyaka. Da kaka akwai ƙaiƙayin gero da dawa a wurin sussuka. Da hunturu akwai ƙura da hazo. Da rani, lokacin fita farauta, kare na kutsa kai cikin ƙaya da ƙarangiya da busasshiyar ciyawa. Ga hayaƙin murhu, ga ƙuda. Wani kuma da matsalar aka haife shi: fatar idonsa ta lanƙwashe ciki, gashin ido yana gogar ƙwayar. Ƙananan karnukan waje masu dogon gashi da gajeren hanci, irin su Lhasa da ake tallatawa a intanet, sun fi na gida fama da wannan saboda ƙirar fuskarsu.

Abin da ba za ka yi ba

Kada ka shafa man bilicin, ko man goge baki, ko lemon tsami, ko ruwan wanke ciwo mai kumfa a kusa da ido. Ɗigo ɗaya ya isa ya ƙona ƙwayar. Kada kuma ka ɗiga ragowar maganin idon da aka rubuta wa wani a gida. Da yawansu na ɗauke da sitiroyid, wanda in akwai rauni a ƙwayar ido zai hana shi warkewa, har ya iya kai wa ga makanta.

Sai maganar tailosin, garin nan da masu kiwon kaji ke zubawa a ruwan sha. Za ka ji ana cewa yana goge jan. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke sa shi a kayan goge tabon hawaye, domin ba a amince a ba karnuka shi don wannan ba. Ba dabba maganin kashe ƙwayoyin cuta kullum saboda kwalliya yana koya wa ƙwayoyin jure magani. Ranar da cutar gaske ta zo, sai a rasa abin da zai yi aiki.

Abin da za ka yi

Aikin ba ya cin kuɗi, haƙuri yake so. Ka tafasa ruwa ya huce, ko ka sayi ruwan gishirin asibiti a kemis. Ka jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta, ka goge ƙasan idon safe da yamma, kowane ido da nasa tsumman. Ka busar da wurin sosai, don damshi ne ke jawo naman gwari, wanda ke sa tabon ya koma ruwan ƙasa yana wari. In gashi na shiga ido, ka rage shi da almakashi mai dakusasshen baki, wani yana riƙe maka kan. Ka ɗaure karen nesa da masussuka da murhu, ka riƙa wanke kwanon ruwansa kullum. Da ka gama, ka wanke hannu da sabulu.

Kada ka sa ran farin ya dawo gobe. Gashin da ya rinu ya rinu, sai sabo ya fito an datse tsohon, kuma wannan makonni yake ɗauka.

Lokacin da tsumma ba zai isa ba

In ka ga kare yana runtse ido, yana sosa shi da ƙafa, farin idon ya yi ja, ƙwayar ta yi hazo, ko hawayen daga ido ɗaya ne kuma farat ɗaya ya fara, to ka nemi malamin dabbobi a sashen gona na ƙaramar hukumarku, ko ka kai shi asibitin dabbobi na Gwale a cikin Kano. Likita yakan ɗiga wani rini a ido, wanda ke nuna rauni, ya kuma nuna ko hanyar hawaye a buɗe take.

Mafi haɗari ita ce kwantsa mai kauri, rawaya ko koriya, tare da majina, tari, zazzaɓi da ƙin cin abinci, musamman a kwikwiyo. Wannan na iya zama distemfa, cutar da ke yaɗuwa tsakanin karnuka, tana kuma kisa. Ka ware shi daga sauran nan take. Rigakafinta ana fara shi tun kwikwiyo na da mako 6 zuwa 8. Tunda ka je, ka tambayi allurar haukan kare, wadda ake yi daga wata 3. Ita kam ba kare kaɗai take karewa ba, har da ƙannenka da ke wasa da shi a tsakar gida.

In kuma za ka sayi kwikwiyo ranar kasuwar Dambatta ko ta waya, kada hoto ya ruɗe ka. Ka gan shi da rana, ka buɗe idonsa ka duba, ka tambayi katin rigakafi kafin ka tura kuɗi.